Waiwaye: Malamin da Bai Kai Farfesa Ba

A shekararmu ta biyu a jami'a muka faɗa hannun wani malamin kimiyyar siyasa wanda ba ya tsayawa yana karanto mana littafi. Ran da aka zo darasin tsarin tarayya, sai ya kasa mu gida uku, Arewa da Gabas da Yamma, ya ajiye tsarin mulkin Lyttelton na 1954 a kan tebur, ya ce to ga kuɗin gyaɗa da koko da manja, ku raba. Ni aka naɗa Firimiyan Gabas. Har aka kira la'asar muna ta musu, shi ko yana zaune a bayan aji, sai dai ya jefo tambaya ya yi shiru. Tun daga ranar ban sake jin batun rabon arzikin ƙasa a rediyo na ɗauke shi tatsuniya ba.

Bai taɓa sayar mana da takardar darasi ba, kuma kowace jarrabawa sai ya dawo da ita jajur da gyara. Amma da muƙamin babban lakcara ya yi ritaya. Kwamitin ƙarin girma maƙalun da aka buga yake ƙirgawa. Wahalar aji ba ta da maki.

Da na zaci ciwon namu ne mu kaɗai. Ashe a Amurka ma sai a 1990 Ernest Boyer na Gidauniyar Carnegie ya fito da littafin da ya ce koyarwa ita ma aikin ilimi ce, ba 'yar rakiyar bincike ba. Ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta Amurka, APSA, tun 1903 take, amma sai da ta shekara ɗari kafin ta soma taro na musamman a kan koyarwa, a 2004. Yanzu akwai mujallar da ba ruwanta da komai sai yadda ake koyar da fannin, ga lambar yabo ga gwanin malami. Takwarar APSA ta Birtaniya ma tana ba da irin wannan kyauta da sunan Bernard Crick.

Lambar kanta ba ita ta burge ni ba, allo ne da za a rataya a bango. Amfaninta shi ne ta tilasta a zauna a duba yadda mutum yake tsara darasi da abin da ɗalibansa suka fita da shi. Sai dai a yi hattara: in ƙuri'ar ɗalibai kaɗai za a bi, mai rabon maki a ɓagas ne zai lashe, irin malaminmu ya zo na ƙarshe, don a lokacin ƙorafinsa muke yi.

Bara na haɗu da shi a wajen ɗaurin aure, ya tsufa, yana dogara sanda. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta malam, ko an gane ni?" Ya ƙura mini ido, ya ce, "Firimiya! Har yanzu kana nan a kan bakanka game da kuɗin manja?"