Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski

A 1975 ne aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a garin Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Daga ranar zuwa yau gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, amma babu wadda ta yi wasa da kujerarta a filin kokowa. Kowace jiha tana kai gwanayenta goma. Ministoci suna jawabi, kamfanoni suna kafa alluna, ƴan siyasa suna miƙa kyauta a gaban talabijin domin a faɗi sunansu. Kowa yana cin ribar gumin ɗan kokowa. In ƙafarsa ta karye fa, wane ne ke biya?

Ba a musun cewa a kwanakin gasar takobi ana ganin ma'aikatan lafiya a bakin fili. Sai dai gasar ƴan kwanaki ce, shekara kuwa wata goma sha biyu. Kafin ɗan kokowa ya isa filin Langa-Langa na Damagaram ko filin Salma Ɗan Rani na Dosso, ya sha kaye ba adadi a wasannin ƙauye bayan girbi da wajen zaɓen jiha. A can ne gwiwa ke lalacewa, kafaɗa ke gocewa, kuma a can mai tara jama'a ya fi damuwa da kuɗin ƙofa bisa ga wanda zai duba mai rauni.

In abin ya faru, sai a nufi gidan mai ɗori. Masu ɗori suna da saninsu, kuma sun taimaki talaka a inda asibiti ya yi nisa. Amma jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki, in ta tsinke, kara da tsumma ba su haɗa ta, hoton ƙashi ma bai nuna ta. Kumburi ya sauka, saurayi ya ga ya warke, ya koma fili da gwiwa mai rawa. Bayan ƴan shekaru guringuntsi ya cinye, sai a ga ƙaton da ake yi wa kirari jiya yana jan ƙafa a kasuwa, gona ta gagare shi.

Raunin kai da na wuya sun fi wannan muni. Wanda aka buga da ƙasa har ya ga jiri ko ya ruɗe, ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, kuma ƙa'idar likitocin wasanni ita ce kada ya sake shiga fili a ranar. Wanda ya faɗi bisa wuya ya kasa motsi, ɗaukarsa cak da hannuwa da ƙafafu yana iya mai da tsagewar ƙashi shanyewar jiki ta har abada. Magoya baya da ke rugawa su ɗaga gwaninsu don ƙauna ba su san haka ba, domin ba a taɓa koya musu ba.

Ga kuma ƙwaya. Taramadol, da ake sayarwa a kan faranti a tasha da kasuwa, yana kashe zafi, ya bar raunin yana ci gaba, kuma in aka sha da yawa yana kawo farfaɗiya. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta hana shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. Saurayin da aka ce masa jiha duka ta dogara da shi, ga ciwo a kafaɗa, ga alhazai sun yi alkawarin kyauta, me ake zaton zai haɗiya?

Masu cewa ƙarfi shi ne lafiya su tuna da Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin ƙwallo na Ikko ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasan Najeriya da Angola. Su tuna da Marc-Vivien Foé na Kamaru, da ya faɗi a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yuni 2003 yana da shekara 28. Dukansu zuciya ce ta tsaya, kuma ciwon Foé irin wanda awo kan iya ganowa ne tun kafin ya yi kisa. Ƙasar Italiya ta wajabta awon zuciya ga masu shiga gasa tun 1982, kuma binciken da aka yi a yankin Beneto ya nuna mutuwar fuju'a tsakanin matasan ƴan wasa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. A 2021 Christian Eriksen na Danmak ya faɗi kamar su Foé, amma aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar tada zuciya, har ya koma buga ƙwallo a 2022. Kwana na Allah ne, babu mai ja. Amma addini bai hana neman magani ba, kuma wanda ya jingina sakacinsa ga ƙaddara ya yi laifi biyu.

Za a ce babu kuɗi. Ƙasar da ke iya gyara fili, ta sauki manyan baƙi, ta ba sarkin kokowa miliyoyin sefa, ba ta rasa kuɗin awon zuciyar mutum tamanin ba. Abubuwan da ake bukata sanannu ne. Kada a ba kowa izinin kokowa, tun daga matakin gunduma, sai da takardar likita ta shekarar. A kowane wasa da ake karɓar kuɗin ƙofa a ajiye ma'aikacin lafiya wanda maganarsa ta fi ta mai horo da ta gwamna: in ya ce wane ba zai koma ba, magana ta ƙare. A koya wa alƙalan wasa danna ƙirji da yadda ake riƙe wuyan wanda ya faɗi. Sannan a buɗe asusun jinya, a cire ko dala biyar ce daga kowane tikiti, da wani kaso daga kuɗin talla, a kuma riƙa buga lissafinsa a jarida kowace shekara, domin an san yadda asusu ke narkewa in ba ido a kansa.

Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke kyautar babur da buhunan shinkafa suna da ta cewa a nan. Alhajin da ke inshorar tirelarsa kafin ta kama hanyar Kwatano ya san amfanin abin. Ya tambayi hukumar kokowa, kafin ya miƙa kyautar bana, nawa aka tanada domin wanda za a fitar daga fili a kwance. Ma'aikatan ma'aikatar wasanni da ƴan majalisa kuwa, rubuta dokar aikinsu ne, don shi ake biyansu albashi.

An raɗa wa filaye sunayen su Kantu da Salma, kuma sun cancanta. Sauran ɗaruruwan da suka tara jama'a a filayen nan, aka kada su, suka koma ƙauye da gwiwa a kumbure, su ma suna da hakki a wuyan duk wanda ya ci riba a ranar.