Kafin Mu Sayar Da Tsofaffin Kekunanmu A Kilo



Yau maganar keke za mu yi. Mun san wani zai ce: ga tsadar hatsi, ga wahalar ruwa, su kuma keke ne ya dame su? To a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin maganar keken nan maganar aljihu ce, kuma maganar karatun ƴaƴanmu ce.

Duk mai bin lungunan Birni, Zango, Garin Malam ko Sabon Gari ya san ƴan gwangwan da kurarsu da sikelinsu. Sana'arsu suke yi, ba mu da ja da su. Amma a leƙa cikin kurar a ga abin da muke miƙa masu. Tare da fasasshiyar tukunya da tsohon kwano, sai ka ga keke sukutum, irin mai faɗin tayan nan da giya da yawa, wanda muka taso muna kira VTT. Taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa, shi ke nan an yanke masa hukunci. A ɗora a sikeli, a ba ka abin da ba zai wuce cefanen yini ɗaya ba, a tafi a narkar. Mu a ganinmu wannan asara ce, kuma mu muke jawo wa kanmu ita.

Abin mamaki, shi kansa irin wannan keke daga gyaran tsoho aka haife shi. A shekarun 1970, a yankin Marin na jihar Kaliforniya ta Amurka, wasu samari suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940 da aka yasar, su gyara, su hau dutse da su, su gangaro a guje. A 1976 suka fara wata tsere da ake kira Repack, sunan da ya samo asali daga cewa bayan kowace gangara sai an sake cusa giris a birkin baya, domin zafi ya ƙone na ciki. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keke na musamman domin duwatsu, kuma yau wannan keken yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, aka shiga ƙera su da yawa. Kafin 1996 abin ya bunƙasa har an sa shi cikin wasannin Olamfik na birnin Atlanta. Faransa da sauran ƙasashen Turai suka cika da su: Peugeot, MBK, Decathlon, Giant, Trek da sauransu. Da yayinsu ya wuce a can, sai aka loda su a kwantena, suka sauka Kwatano da Lome, suka iso mana a matsayin gwanjo. Yanzu a can Turai akwai masu neman irin waɗannan tsofaffin ruwa a jallo, suna gyara su kamar amarya. Mu kuma da suka zo hannunmu, muna auna su a kilo.

Me ya sa muka ce sun dace da mu? A dubi ƙasarmu. Ka sauka daga kwalta taku goma, ka faɗa rairayi. Ka nufi Birni, duwatsu ne. Ka fita bayan gari, ga tsidau, ga ƙarangiya, ga ƙayar aduwa. Siririyar taya nutsewa take yi a yashi, mai faɗi kuwa tana hawa kansa, musamman idan an ɗan rage iska. Giya 18 ko 21 tana sa ko yaro ya hau tudu ba tare da ya sauka ya tura ba. Sannan yawancin na wancan zamani da baƙin ƙarfe aka yi jikinsu, wanda idan ya tsage mai walda na bakin titi zai ɗinke shi. Birkinsu na waya ne da roba, babu mai a ciki, babu abin da ya fi ƙarfin mai gyara na unguwa. Tayarsu lamba 26 ce, wadda ba ta da wuyar samu a kasuwa. A kwatanta da sababbin nan masu ƙyalli da ƙaton sifirin a tsakiya, waɗanda muke saya wa yara da Salla: ga nauyi, ga saurin kwancewa, kafin damina ta zagayo sun zama na zaure. Ganin kitse muke yi wa rogo.

Sai mu zo kan lissafi. Shekaru da yawa mun saba da man Najeriya mai arha da ke shigowa ta Magariya da Matamai, ƴan ruwa-ruwa na sayarwa a kwalba kowace kwana. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai, wannan garaɓasa ta ƙare. Muna da matatar SORAZ a nan kusa da mu tun 2011, kuma a Yulin 2024 gwamnati ta rage lita daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. An gode. Amma wa ya manta da layukan gidan mai na watan Maris 2025? Mai moto da ke shan lita ɗaya a yini, a wata ya kashe kusan jikka 15, ba a sa baƙin mai da gyara ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci, mai gadi ko ɗan aike, yana iya ƙona fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a tanki. Wanda ba shi da moto kuwa, kabu-kabu da adaidaita su suke cin nasa, safe da rana da yamma. Keke, tuwon da ka ci jiya da dare shi ne mansa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ƴan lakwal. A ƙauyuka da yawa na jihar nan, yaro yana gama firamare sai a tura shi CEG a wani gari. Ko dai a nemi gidan da zai riƙe shi, abin da ya yi wuya a wannan zamani, ko kuma ya riƙa takawa kullum. Tafiyar kilomita 7 ko 8 a ƙafa ta fi awa ɗaya da rabi, a keke ba ta kai rabin haka ba. Yaron da ya iso aji a gajiye, da yunwa, an riga an yi nisa da darasi, wata nawa zai jure? Yarinya kuwa ba a ma magana, iyaye da yawa sun gwammace ta zauna gida da ta riƙa bin daji ita kaɗai da sanyin asuba. Wata ƙungiya mai suna World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, ba ta da aikin da ya wuce raba kekuna masu ƙwari ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya. Mu namu kekunan suna jingine a zaure, kaji na kwana a kai.

To me ya hana mu? Mu faɗa wa kanmu gaskiya: kunya ce. Mun mai da keke tambarin talauci. Saurayi ya gwammace ya ci bashin moto da a gan shi a keke a ƙofar gidan su budurwa. Malamin makaranta yana tsoron ɗalibai su ce ya karye. Alhali kakanninmu da Raleigh suka yi tashe, mai keke a lokacin shi ne ɗan gaye, har ado ake yi masa da madubi da ƙararrawa. A je Wagadugu a gani: maza da mata, ma'aikata da ƴan kasuwa, kowa na tuƙa abinsa, har suna da gasar Tour du Faso tun 1987. Zafin rana bai fi sauƙi a can ba. Girman kai dai rawanin tsiya ne.

Ba mu ce keke zai yi komai ba. A watan Afrilu da Mayu, fita da tsakar rana a kansa ganganci ne. Ba a kai mai naƙuda asibiti a keke, ba a zuwa Tanut ko Gure da shi don sauri. Akwai yashin da dole a sauka a tura. Kuma hatsarin titi gaskiya ne, domin wasu masu moto da manyan motoci ba sa ɗaukar mai keke a bakin komai. Duk mun yarda. Amma zuwa aiki da safe, zuwa Kasuwar Dole, zuwa Jami'ar André Salifou, zuwa gona, ko Mirriya da ba ta kai kilomita 20 ba, wanne ne a ciki ya fi ƙarfin keke mai lafiya?

Ga mai niyyar tayar da nasa, ko sayen na hannu, ga abin da za a duba. Na farko jikin: a bi duk mahaɗar walda da ido, musamman wuyan keke da wajen feda. Tsatsar sama ba komai ba ce, wadda ta huda ƙarfe ita ce matsala. A kanga maganaɗisu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne, yana waldu, in bai kama ba, alminiyam ne, in ya tsage gyaransa sai an sha wuya. A tabbatar sandar sirdi tana motsi, ba ta manne ba. Daga nan a kwance ƙafafu da feda da wuya, a wanke da kananzir, a canza boris ɗin da suka cinye, a sa sabon giris. A canza wayoyin birki da na giya da robar birki, a ɗaure wayoyin ƙafa su daidaita. Sarƙar da ta saki a canza ta tun ba ta cinye haƙoran baya ba. Kuma don Allah a daina yi wa sarƙa wanka da baƙin man inji: yashi yake kamawa, ya koma kamar dutsen niƙa. Ɗigo kaɗan na mai mara kauri, a goge da tsumma, ya wadatar. Maganin ƙaya kuwa, masu faci sun daɗe da saninsa: a yanko tsohuwar taya a shimfiɗa ta cikin sabuwa kafin a sa tib.

Duk wannan aiki hannu yake buƙata, kuma nan ne wani abin damuwar yake. Tsofaffin masu gyaran keke suna ƙarewa, yaran da ya kamata su gaje su duk sun koma gyaran moto. Garin da maƙeransa suka zuba igwa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, bai kamata a wayi gari babu mai iya daidaita ƙafar keke a cikinsa ba.

Don haka muna da kira. Ga iyaye: kafin ku kira ɗan gwangwan, ku kai keken wajen mai gyara ya faɗa maku gaskiyarsa. In ba ku da buƙata, ku ba ɗan maƙwabci ko ɗan uwa na ƙauye, sadaka ce mai tafiya da ƙafafunta. Ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyayen ɗalibai: a ware rumfa da mai tsaro, domin tsoron sata na cikin abin da ke hana yara zuwa da keke. Ga ma'aikatar magajin gari: a tanadi wurin ajiye kekuna a kasuwanni da tashoshi, a ja kunnen masu matse mai keke a titi. Ga cibiyoyin koyon sana'a: a sa gyaran keke mai giya cikin abin da ake koyarwa. Ga samarin fada: maimakon a wuni kan shayi, a zaɓi safiya ɗaya a mako a fita tare, a ga ko ba za a daina yi wa mai keke dariya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018. Me zai hana ranar ta same mu a ƙofar fadar Sultan, kowa da tsohon kekensa da ya gyara?

Da tsohuwar zuma ake magani. Ku faɗa mana: keke nawa ne ke kwance a gidanku, kuma wane mai gyara ne ya rage a unguwarku da ya kamata jama'a su san da shi? Za mu karanto amsoshinku a shirinmu na gaba in Allah Ya kai mu.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya yi wa nemanmu albarka, Ya ba Damagaram da Nijar baki ɗaya zaman lafiya. Amin.