Ina Amfanin Digirin da Bai Isa Madobi Ba?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun injiniya: a cikin wayar da ke aljihun manomin Madobi akwai wata 'yar na'ura wadda ba ta kai ƙwayar masara ba, aikinta auna sauyin gudu da girgiza. Ita ce ke juya hoto in an karkata waya. Mu nawa ne muka san cikinta?

Ba tsafi ba ne. Wani ɗan nauyi ne aka rataye da siraran tsirkiyoyin silikon, yana da haƙora irin na matsefi da suka shiga tsakanin waɗansu kafaffu. In an fizgi na'urar sai nauyin ya yi jinkiri, tazarar haƙoran ta sauya, lantarkin da ke tsakaninsu ya sauya, a mai da shi lissafi. Gwanintar tana wajen zaɓi: tsirkiya mai laushi tana jin ƙanƙanen motsi amma ba ta iya bin girgiza mai sauri, mai tauri kuwa akasin haka. Aikin da za a yi shi ke yanke hukunci.

Roylance da Angell sun ƙera irinta a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1979, kamfanin Analog Devices kuma ya fito da ADXL50 a 1991 domin jakar iskar mota. Sun dubi damuwar ƙasarsu, suka yi mata magani.

Mu fa? An gama madatsar Tiga tun 1974, ruwanta na raya gonakin Kura da Bunkure, amma har yau tumatir na dagargajewa cikin kwanduna tsakanin Kwanar Gafan da Legas, injin ban-ruwa kuma na karkarwa kafin ya mutu ana tsakiyar rani. Duka biyun girgiza ce, kuma tana aunuwa. A ɗaura na'urar a kwando, a jikin inji, a san inda ɓarnar take.

Masu cewa ba mu da masana'antar silikon sun faɗi gaskiya, amma sun fake da guzuma. Na'urar tana samuwa da araha. Abin da ba ya sayuwa shi ne sanin wadda ta dace da titinmu da injinmu. Wannan sai a gona, ba a kundin da aka kwafo aka ɗaure da baƙin bango don ƙura ta ci ba.

Da gumin talaka aka gina ɗakunan karatunmu. Ku ɗauki kayan awo ku nufi Madobi, 'yan'uwa, bashi ne a wuyanmu!