Ogoni: Rijiyoyin da ya kamata a duba kafin a koma haƙar mai

Gwamnatin Shugaba Bola Tinubu na ƙoƙarin ganin an koma haƙar ɗanyen mai a yankin Ogoni na jihar Ribas, inda aka dakatar da aikin tun 1993. A watan Janairun 2025 shugaban ya gana da jagororin al'ummar, ya kuma ɗora wa mai ba shi shawara kan harkokin tsaro, Nuhu Ribadu, alhakin jagorantar tattaunawa da su.

Sai dai akwai tambayar da ba a teburin sulhu ake samun amsarta ba: wane hali ruwan ƙarƙashin ƙasar Ogoni yake ciki a yau? Rijiyoyin sa ido ne ke iya ba da wannan amsa.

Mece ce rijiyar sa ido?

Siririyar rijiya ce mai kama da ta burtsatse, amma don gwaji ake haƙa ta. Ana zura bututun roba da aka tsattsaga ƙasansa daidai inda ruwa yake, a zuba yashi mai tsabta a kewaye da shi, a toshe sama da yumɓu da siminti don kada ruwan sama ya gangara ya ɓata sakamako, sannan a kulle bakinta.

Rijiya ɗaya ba ta wadatarwa. Ana buƙatar aƙalla uku, domin kwatanta tsayin ruwan da ke cikinsu ne ke nuna inda ruwan ƙasa ya dosa. Akan haƙa ɗaya a ɓangaren da ruwan ke fitowa, sauran kuma tsakanin inda mai ya malala da rijiyoyin gari.

Kafin a ɗebi samfur sai an janye ruwan da ya daɗe kwance a bututun. Tun da mai yana tasowa a saman ruwa, ana kuma auna kaurinsa. Ana maimaita gwajin damina da rani, saboda ruwan ƙasa yana hawa yana sauka.

Me aka gano a 2011?

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahotonta kan Ogoni a watan Agustan 2011. Masu bincikenta sun yi cikakken gwaji a wurare 69, sun haƙa rijiyoyin sa ido 142, sun kuma ɗebi ƙasa daga ramuka 780.

A wurare 49 mai ya ratsa ƙasa har zurfin mita biyar ko fiye. A wurare 41 kuma ya isa ruwan ƙasa fiye da ƙa'idar da Najeriya ta gindaya.

Lamarin ya fi muni a Nisisioken Ogale da ke ƙaramar hukumar Eleme. A can an tarar da tataccen mai, kaurinsa santimita takwas, kwance a kan ruwan da ke shiga rijiyoyin jama'a. Sinadarin benzin, wanda ke haddasa ciwon daji, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900 a ruwan da iyalai ke sha.

Binciken ya kuma rushe wani tsohon zato. Kamfanin Shell ya daɗe yana gyara wuraren da mai ya malala ta hanyar kafce ƙasar sama a bar ƙwayoyin halitta su cinye man, bisa tunanin cewa akwai shimfiɗar yumɓu a ƙasa da ke kare ruwa. UNEP ta gano cewa wannan yumɓu bai game yankin ba. Ke nan fili zai iya yin kore shar, alhali man yana can ƙasa yana bin ruwa. A Ejama-Ebubu an sami gurɓata mai tsanani kimanin shekara 40 bayan malalar mai, duk da yunƙurin gyara da aka sha yi.

Da me za a auna aikin gyara?

UNEP ta ƙiyasta cewa farfaɗo da Ogoni zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ta kuma ba da shawarar ware dala biliyan ɗaya don shekaru biyar na farko. An kafa shirin HYPREP a 2012, aka ƙaddamar da aikin tsaftacewa a garin Bodo a 2016. Hukumar NOSDRA ce ke tabbatar da cewa an kammala gyara wuri.

Ma'aunin da talaka zai iya riƙewa shi ne alƙaluman rijiyoyin: nawa ne benzin a ruwan Ogale a 2011, nawa ne yanzu, kuma wane ɗakin gwaji ne ya auna? Idan ana wallafa su a kai a kai, kowane ɗan kwangila zai san cewa shara da shuka ciyawa ba za su rufa masa asiri ba.

Akwai dalili na biyu. Idan aka koma haƙar mai ba tare da sabon awo ba, duk malalar da ta biyo baya za ta gauraya da tsohuwa, sabon kamfani da tsoho su riƙa nuna wa juna yatsa, mai rijiya kuma ya rasa wanda zai kai ƙara.

Wannan darasi ya shafi Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙar mai a watan Nuwamban 2022. Al'ummomin wurin na da damar neman a auna ruwansu, a ba su sakamakon a rubuce, tun kafin aikin ya kankama.