SHARHI: Haƙƙin sauya kamfanin waya, da abin da ya sa bai tsorata kowa ba a Kaduna

A ranar 20 ga Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da saƙo da data da kashi 50 cikin ɗari. Kamfanonin sun nemi ninki ne, hukumar ta ba su rabi, tana kafa hujja da cewa farashin bai motsa ba tun 2013. Saƙon tes da ake aikawa a naira 4 ya koma naira 6.

Shekarar 2013 ɗin nan tana da wani tarihin da aka manta. A ranar 22 ga Afrilunta aka ƙaddamar da tsarin da ya bai wa mai layi damar barin kamfaninsa ya koma wani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Mutum ya je ofishin kamfanin da yake so da katin shaida, ya cika takarda, ya aika kalmar PORT zuwa 3232, a ba shi sabon sim, kuma ba a karɓar ko sisi. Tun daga ranar 0803 ta daina zama shaidar cewa mai ita yana MTN, haka 0802 ga Airtel ko 0805 ga Glo. Manufar a fili take: kamfanin da ya yi wasa da abokan hulɗarsa ya ga suna fita da lambobinsu.

Wanda ya san zamanin NITEL zai gane girman wannan alkawari. A da kamfani ɗaya ne ke riƙe da kiran nesa, tashar tauraron ɗan Adam ta Kujama da ke gefen Kaduna na cikin ƙofofin da kiran ƙetare ke bi, kuma wanda bai gamsu ba sai dai ya rubuta wasiƙa. Zuwan wayar hannu a 2001 ya karya wannan babakere, sannan Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, ya tilasta wa sauran bin sahunsa. Wancan karon gasa ta yi aikinta.

To me ya hana ta aiki yanzu? Duk wanda ya zaga Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa ko layin masu sayar da waya na titin Ahmadu Bello zai ga amsar farko a hannun jama'a: waya mai sim biyu. Mutane sun ƙirƙiro nasu maganin kafin hukuma ta kawo nata. Layi ɗaya na kira da banki, ɗaya na data, idan wannan ya ɗauke a Malali a juya wancan. Kamfani bai rasa kowa ba, an dai raba masa kuɗin ne da maƙwabcinsa.

Amsa ta biyu ta fi nauyi. Lambar waya ta tashi daga abin kira ta zama shaidar mutum. Da ita ake samun sanarwar banki da lambar sirrin tura kuɗi, a kanta aka ɗaura WhatsApp, ita ce ma lambar asusu a wurin masu OPay. Tun Disamban 2020 kuma gwamnati ta wajabta haɗa ta da lambar NIN, har aka rufe layukan da ba su cika sharaɗin ba bayan wa'adin ƙarshe na Satumban 2024. Sauya kamfani ba ya taɓa lambar, gaskiya ne, amma yana buƙatar bayanan rajista su dace. Dubi matar aure a Unguwar Shanu da ƙanenta ya saya mata layi da sunansa shekaru goma da suka wuce, ko ɗan kasuwar Sheikh Gumi da aka rubuta sunansa iri biyu a takardu biyu. Irin waɗannan sun sha layi a ofisoshin rajista, ba za su sake tsokano tsuliyar dodo da hannunsu ba. Ga kuma asarar kati da datar da suka rage a tsohon sim, domin ba sa bin mutum zuwa sabon gida.

Sai tambayar da ta fi damun wannan sharhi: a koma ina? MTN na riƙe da fiye da rabin masu layi a ƙasar, Airtel na biye, Glo da 9mobile sun yi baya sosai. Na ƙarshen, wanda ya sauya suna zuwa T2 a 2025, ya kai ga ƙulla yarjejeniyar amfani da turakun MTN. Turakun ma da yawansu ba na kamfanonin wayar ba ne, na masu haya ne irin su IHS, kuma turke guda kan ɗauki na'urorin kamfani fiye da ɗaya. Idan dizal ya ƙare masa, ko masu aikin titi suka datse wayar ƙarƙashin ƙasa, unguwa guda kan yi shiru ba tare da la'akari da launin sim ba. Mutanen jihar nan sun ga mafi munin wannan a ƙarshen Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a wasu sassanta saboda 'yan bindiga. Babu sauya kamfanin da ya fisshe su a makonnin nan.

Saboda haka ƙarin 2025 ya zo wa kamfanonin ba tare da fargabar guduwar kowa ba, tunda izini ɗaya aka ba su duka. NCC ta ce sharaɗin ƙarin shi ne ingantuwar aiki. Wannan sharaɗi ne da ake iya aunawa, kuma a nan ya kamata matasan da suka yi ta ƙorafi a Facebook da X su mayar da hankali. Alƙaluman ƙasa baki ɗaya ba sa gaya wa mazaunin Unguwar Rimi komai. Yana buƙatar ya san wane kamfani ne kiransa ya fi yankewa a unguwarsa, buƙatun sauya layi nawa aka ƙi a Kaduna, kuma da wane dalili. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar ya nemi waɗannan, ta kuma ɗora mata wa'adin kwana bakwai ta ba da amsa.