Dinar da aka kira ƙarfe 7, amarya ta shigo 10 da kwata

Jama'a, abin nan ya daɗe yana cin raina, bari yau dai in amayar.

Asabar ɗin da ta wuce na je dinar ɗiyar wani aminina. Kati ya ce ƙarfe 7, ni kuwa ina idar da Isha'i na kama hanya, ina ganin ma na makara. Na tarar da kujeru rabi babu kowa, DJ kuma ya ƙure sauti kamar zai tsaga bango. Gwaggon amarya na kusa da ni, tsohuwa ce da ta taso tun daga Gusau, sau uku ina gaishe ta ba ta ji ba, sai da na kai baki kunnenta. Ango da amarya ba su shigo ba sai 10 da kwata, wai mai kwalliya ce ta riƙe su, sannan aka tsaya hotuna. Ɗakin taron kuwa zuwa 11 aka biya. Sai ga shi addu'a, tarihin amarya, yanka kek, rawar iyaye, rawar ƙawaye, duk an cusa cikin minti 45. Abinci ya fito lokacin da mutane ke neman takalmansu da makullin mota. Gwaggo ta tafi ba ta taka ko sau ɗaya ba, da sabbin kuɗinta a jaka.

Wallahi an kashe kuɗi a wurin nan, an ƙawata shi, ankon ya yi kyau. Amma biki bai yi armashi ba, kuma kowa ya ji hakan a jikinsa.

Ni a ganina abin da muka rasa shi ne ilimin da makaɗanmu na da suke da shi. Makaɗin kalangu idonsa na kan fili. Yana farawa a hankali, yana kirarin gida, yana jiran ya ga wace ce ta fara gyara ɗaurin zani. Da ta miƙe sai ya matse kalangun, kiɗa ya ɗau zafi. In fili ya yi sanyi ya sauya. Marigayi Mamman Shata kan ja waƙa ɗaya gwargwadon yadda wuri ya karɓa, shi da 'yan amshinsa. Marigayiya Barmani Choge da ƙwaryarta ta san lokacin da za ta tayar da matan gida da lokacin da za ta bar su su numfasa. DJ na yau yana da dubban waƙoƙi a kwamfuta, abin da su Shata ba su taɓa mafarki ba, amma da yawansu kansu a sunkuye yake, ba su san wa ke zaune a gabansu ba.

Ba duka ba fa. Bara a Zariya na ga wani yaro da ya iya aikinsa. Lokacin da mutane ke shigowa ya rage sauti, aka gaisa, dangin da suka shekara ba su haɗu ba suka yi hira. Da amarya za ta shigo ya sa waƙa ɗaya mai sanyi, ya bar ta ta kai ƙarshe. Ana gama addu'a ya saki kiɗan amada, ai kuwa iyaye mata suka cika fili tun kafin 9, suka yi rawarsu suka ci abinci, masu tafiya suka tafi da daɗin rai. Sai da wuri ya rage matasa sannan ya fito da su Ado Gwanja, ya ajiye Jarumar Hamisu Breaker zuwa can ƙarshe. Na Asabar ɗin nan kuwa duk ya ƙarar da zafafan a kan kujerun da babu kowa, da amarya ta iso sai maimaici.

Sai kuma MC, wanda shi ne babban mai kashe biki in bai iya ba. Waƙa ta fara shiga jiki sai ka ji ya katse, a ba abokan aikin yayan ango fili. Minti biyu ya sake katsewa, a ba 'yan ajin amarya na sakandare. Amarya na tsaye da takalmi mai tsini fiye da rabin awa tana murmushin dole. Kowa ya san dalili, liƙi ake nema, kowane rukuni da nasa. Ga shi liƙin ma laifi ne a dokar Babban Banki ta 2007, kuma mun ga EFCC tana kai mutane kotu a kansa. Wannan zance ne na wata rana.

Na san akwai masu cewa a bar dinar gaba ɗaya a yi walima. Ina girmama wannan ra'ayi. Sai dai walimar ma in aka bar mai wa'azi ya yi awa biyu abinci na hucewa, mata da goyo na hamma, ciwon ɗaya ne.

Kuma mu daina ɗora wa DJ komai. Gidan biki ne ke makara, gidan biki ne ba ya zama da shi ya faɗa masa su wa za su zo. Shi ina zai san cewa akwai tsofaffi ashirin daga ƙauye da ba sa kai 10 a farke?

Bikin autarmu na nan tafe bayan ƙaramar Sallah. Na riga na faɗa wa Hajiya, mai kwalliya za ta zo da La'asar, iyaye za su fara rawa kafin ƙawaye, rukuni huɗu kawai MC zai kira. Autar ta ce wai ni tsohon yayi ne. Ta dai yarda da uku, muna nan muna jayayya a kan na huɗun, don ita tana son a kira 'yan ajinsu daban.