Darasin Gida a Lokacin Korona: Wa Zai Ɗauki Nauyin Yaran da Aka Bari a Baya?

 

'Yan'uwa, ranar Litinin 2 ga Nuwamba 2020 makarantun Togo suka buɗe sabuwar shekarar karatu. Tun ranar 20 ga Maris gwamnati ta rufe su, makonni biyu bayan samun mutum na farko da ya kamu da korona a ƙasar. Ranar 15 ga Yuni an mayar da azuzuwan jarrabawa kaɗai, wato masu rubuta CEPD da BEPC da BAC. Sauran yara kuwa sun haura wata bakwai ba su ga allon aji ba.

A cikin watannin nan wani abu ya bunƙasa a unguwanninmu wanda ya kamata mu tsaya mu dube shi. Shi ne darasin gida na biya, wanda muka fi sani da repetisiyo.

Yadda abin ya faro

Repetisiyo ba baƙo ba ne a Togo. Tun kafin annoba, iyaye masu hali kan ɗauki malami ya riƙa zuwa gida da yamma, musamman idan jarrabawa ta matso. A da ƙari ne a kan karatun lekol. Da aka rufe lekol sai ya zama shi ne karatun gaba ɗaya. Koyarwa ta intanet da aka yi ta magana a kanta a ƙasashen duniya tana buƙatar wutar lantarki da babbar waya da kuɗin data, kuma gidaje da yawa a karkararmu ba su haɗa ukun nan ba.

Malaman ma suna da dalilinsu. Malamin makarantar kuɗi albashinsa daga aljihun iyaye yake fitowa, da aka daina biyan kuɗin makaranta sai tukunyarsa ta huce. Ɗaliban jami'o'in Lome da Kara su ma sun dawo gida ba abin yi. Ga iyaye da ke tsoron 'ya'yansu su manta karatu, ga masu ilimi da ke neman na cefane, sai aka hadu a zaure da ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Ba mu ga laifi a nan ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani ma, balle lissafi da Faransanci. Malamin da ya yi gumi ya cancanci haƙƙinsa, uban da ya biya kuma ya sauke wani ɓangare na amanar da ke wuyansa. Damuwarmu tana kan yaron da ba a biya masa ba.

Gari uku, hali uku

A Sokode, inda malamai da ɗalibai suke da yawa, samun mai koyarwa bai yi wuya ba. Kuɗin ne ya yi wuya. Sokode na cikin garuruwa huɗu da aka killace a watan Maris 2020, tare da Lome da Tsevie da Kpalime, aka sake killace ta a ƙarshen Agusta tare da Tchamba da Adjengre. Gari ne na fatauci da direbobi, idan hanya ta rufe ciniki ya tsaya. Shirin Novissi na gwamnati ya riƙa ba mata sefa 12,250 a wata, maza 10,500, a wuraren da aka sa shi, amma wannan kuɗin abinci ne, ba ya kai wa ga malamin gida.

A Aouda, da ke bakin babbar hanya kudu da Sokode cikin gundumar Sotouboua, matsalar ta ninka. Masu koyarwa ba su da yawa, kuma rufewar ta faɗo daidai da damina. Yaron da ba ya lekol gona ce ta ɗauke shi, daga shukar masara da waken soya har zuwa haƙar doya. Yarinya kuma ta ɗauki faranti zuwa bakin titi. Da aka killace Adjengre, maƙwabciyar Aouda, aka sa dokar hana fita da dare a gundumar, zirga-zirgar ma ta ƙara wuya.

A Dapaong, babban birnin yankin Savanes, yankin da ya fi kowane fama da talauci a ƙasar, 'yan'uwanmu na Zango da yawa rayuwarsu ta dogara da kasuwancin kan iyaka ta Cinkasse zuwa Burkina Faso. An rufe iyakokin ƙasa a watan Maris 2020. Mai gidan da jarinsa ya karye, malamin gida shi ne abu na farko da zai ajiye.

A yi lissafi kaɗan. A 2020 mafi ƙarancin albashi a Togo sefa 35,000 ne a wata, kuma manomi da mai talla ba su da tabbacin ko wannan. Mu ɗauka mutum yana da yara huɗu a lekol, malami ya nemi jaka uku a kan kowane ɗaya. Jaka goma sha biyu ke nan, sama da kashi ɗaya cikin uku na albashin. Irin wannan uba dole ya zaɓa, kuma mun san wanda ake zaɓa: namiji kafin mace, mai jarrabawa kafin ƙanensa.

Abin da zai faru a aji

Yara biyu za su zauna a benci ɗaya. Ɗaya ya yi wata bakwai yana maimaita karatu, ɗaya ya yi wata bakwai bai buɗe littafi ba, kuma Faransancin da ake koyarwa da shi ba harshen gidansu ba ne, tun Maris bai ji shi ba. Malami mai aji cike ba zai iya jiran na biyun ba. Yaron zai faɗi gwaji, a kira shi daƙiƙi, ya maimaita aji, daga nan ya fice. Alhali ba kwanya ya rasa ba, jaka uku ya rasa.

Akwai haɗari na biyu. Malamin da ya ɗanɗani kuɗin repetisiyo zai iya jarabtuwa ya rage koyarwa a aji don ya sayar da sauran da yamma, ko ya fifita masu biyansa wajen ba da maki. Wannan cin amana ne, kuma kuɗin da aka samu ta haka ba shi da albarka. Muna tunatar da malamanmu Musulmi tun kafin a fara.

Wasu za su ce a hana repetisiyo baki ɗaya. Koriya ta Kudu ta gwada haka a 1980, abin ya koma ɓoye, masu kuɗi suka ci gaba da yi, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. Hani ba ya koya wa ɗan talaka karatu. Maganin shi ne a kai masa abin da ɗan mai hali yake samu.

Tarihinmu ya nuna hanya

Bayan yaƙin Badar, fursunonin Makka da suka iya rubutu kuma ba su da abin fansa, an sa kowanensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu a madadin fansarsa. Al'umma ce ta ɗauki nauyin, ba a ce kowane uba ya ji da ɗansa ba. A ƙasar Hausa kuma Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta kafa 'Yan Taru, jajisai suna kai ilimi ga matan ƙauyuka har inda suke. Masu hikima sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da muke kira a yi

Na farko, kowane kwamitin masallaci ya zagaya unguwarsa ya rubuta yaran da ba su samu darasi ba a lokacin rufewar, a fara da marayu da 'yan mata. A kuma binciki waɗanda aka tura aikatau ko aka fara maganar aurensu, a zauna da iyayensu cikin mutunci.

Na biyu, a buɗe darasin haɗin gwiwa a harabar masallaci ko azuzuwan Islamiyya a ranakun da babu lekol, a tsara lokaci da malaman allo don kada wani karatu ya ci wani. A yi ƙananan rukuni, da takunkumi da wurin wanke hannu. A fi ba da ƙarfi ga karatu da rubutu da lissafi.

Na uku, ɗalibanmu na jami'a da masu BAC su ba da ko da awa biyu a mako. Wani ya koya muku, yanzu lokacin biya ne.

Na huɗu, a kafa asusu daga sadakar Juma'a da gudummawar 'yan kasuwa don a riƙa ba masu koyarwa wani abu, saboda aikin sa kai ba ya daɗewa idan ciki ba komai. Zakkar amfanin gona da ake fitarwa haƙƙin mabuƙata ce, a miƙa ta hannun iyaye matalauta su sayi littafi da alƙalami. Albashin malami kuwa ya fito daga sadaka da waƙafi.

Na biyar, mai halin ɗaukar malami a gida ya sa ɗan maƙwabcinsa ɗaya ko biyu a kan tabarmar. Kuma kada a bar malami shi kaɗai da yarinya a ɗaki, darasi ya kasance a fili, inda idon manya yake.

Muna roƙon limamai su sa wannan batu cikin huɗubar Juma'a. Allah Ya yaye mana wannan annoba, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Amin.